Daga Dutse Zuwa Madina: Yadda Za Ka Sauka Daga Jirgi Da Ƙarfinka

Tun da aka buɗe filin jirgin saman Dutse a 2014, zamanin mulkin Sule Lamido, maniyyatan Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu da Gwaram suka huta da jan kaya zuwa Kano. Filin, wanda yanzu yake ɗauke da sunan marigayi Sarkin Dutse Nuhu Muhammad Sanusi, ya kawo jirgi ƙofar gida. Sai dai kusancin fili bai rage nisan hanya ba. Daga nan zuwa Jidda ko Madina ya haura kilomita 3,000, zaman awa huɗu da rabi zuwa biyar ke nan idan jirgi ya miƙe ta kan Chadi da Sudan. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, jirage suka koma zagaye, zaman ya ƙaru da sa'o'i. Ɗan kasuwar da zai je Guangzhou ta Adis Ababa, da ɗalibin da ke karatun likita a Indiya, tasu tafiyar ta fi haka nesa ba kusa ba.

A ganina abin da ya fi wahalar da mutanenmu a jirgi shi ne kawaici. Dattijo zai ƙi shan ruwa don kada fitsari ya matse shi, ya ƙi tashi don kada ya takura wa na kusa da shi, ya ƙi tambaya don kada a ce ɗan ƙauye ne. A zauren gida wannan hali mutunci ne, da shi aka rene mu. A cikin jirgi kuwa shi ke sa mutum ya sauka da ciwon kai da jiri da kumburin ƙafa, daidai lokacin da ya fi bukatar ƙarfinsa. Duk abin da zan faɗa a nan, a kan wannan ya rataya.

Sai ka san inda za ka zauna tukuna. Jirgi yana tafiya ne a tsayin kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa, inda sanyin waje yake kaiwa digiri 50 ƙasa da sifili, iskar wurin kuma ba ta isa ta riƙe ran mutum ba. Na'urorin jirgi ne ke matso iska su cusa ta inda fasinja suke, amma ba sa cika ta daidai da ta ƙasa. Ana barinta ne daidai da iskar tsauni mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400. Daga nan abu uku ke faruwa. Oksijin da ke shiga jini yana ɗan raguwa. Mai lafiya ba zai ji komai ba sai kasala, amma mai ciwon zuciya ko huhu ko sikila zai iya ji a jikinsa. Iskar da ke cikin hanji da cikin kunne tana kumbura da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Sannan danshin iskar jirgi yakan gaza kashi 20 cikin 100, wato kamar tsakiyar hunturu a Dutse, lokacin da leɓe ke fashewa, hanci ya bushe, mutum yana rasa ruwan jikinsa ba tare da ya ga gumi ba.

Shirin da ake yi tun a gida

Mai hawan jini, mai ciwon suga, mai asma, mai sikila, wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, da wanda jini ya taɓa daskarewa a ƙafarsa, kada ɗayansu ya tsaya ga gwajin da ake yi wa maniyyata baki ɗaya. Ya je wurin likitan da ya san shi, a Asibitin Rasheed Shekoni ne ko babban asibitin garinsu, makonni kafin tashi, ya faɗa masa tsawon tafiyar. Ya nemi a rubuta masa sunayen magungunansa da yadda yake shansu a takarda. Alluran sanƙarau da shawara da ɗigon shan inna da Saudiyya ke nema, a yi su da wuri. Ta sanƙarau ana son ta kwana goma a jiki kafin a shiga ƙasar.

Magani a jakar hannu yake tafiya, cikin kwalinsa na asali, ba a ƙulle cikin leda ba suna. Babbar jaka tana iya makara kwana biyu ba ta iso ba, kuma sanyin da ke inda ake loda kaya yana iya lalata insulin. Haka abin shaƙar masu asma, ya kasance a aljihu, kada a jefa shi cikin akwatin da ke saman kai. Fawa bank ma a hannu ake riƙe shi, doka ce, saboda batirinsa na iya kama wuta. Duk wani abu mai ruwa a jakar hannu kada mazubinsa ya wuce mililita 100. Goro kuwa a bar shi a gida. Hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, tana nanata wannan gargaɗi kowace shekara, wanda ya saba da shi gara ya fara ragewa tun saura wata guda, don kada ciwon kan rashinsa ya same shi a sama. Kuma kada ka karɓi saƙon kowa ka sa a jakarka ba ka buɗe ka gani ba, ko ɗan uwanka ne na jini.

Cikin ƙaramar jakar nan mai kilo 8 da ake raba wa maniyyata, ka nema wa waɗannan wuri: gorar ruwa wadda ba komai a ciki, safa, rigar sanyi ko mayafi mai kauri, man kaɗe ko basilin marar ƙamshi, takunkumi, da ɗan dabino. Namu na Jigawa ya isa, ba a banza aka kafa tashar binciken dabino a Dutse ba. Mai ciwon suga ya fi kowa bukatarsa, don idan aka yi jinkirin raba abinci sukarinsa ya faɗi, ƙwaya biyu ko uku za su tashe shi.

Kwana ɗaya kafin tafiya a sassauta wa ciki. Ɗanwake, alale, ƙosai, shinkafa da wake, kabeji, lemon kwalba mai gas, duk su jira dawowa, tunda iskar da za su tara kumbura za ta yi a sama. Tuwo kaɗan da miya marar yaji ya wadatar. Na san daren sallama ba a barci, 'yan uwa na ta shigowa, kowa da addu'ar da yake so a kai masa. Duk da haka a nemi awa biyar ko shida a kwanta. Zaman sansanin alhazai da layin tantancewa sukan cinye yini guda kafin a ga ƙofar jirgi, mutum ya shiga a gajiye tun ba a tashi ba.

Sutura ta zama sakakkiya. Kada a ɗaure tazuge ko zani tamau, a cire zoben da ya matse yatsa, a sa takalmin da ƙafa za ta koma cikinsa ko ta ɗan kumbura. Babbar riga mai sitati ta jira ranar dawowa.

Ruwa da banɗaki

Nan ne maganar take. Ka sha ruwa kamar kofi ɗaya duk awa, ko ba ka jin ƙishi, sai fa in likita ya taƙaita maka saboda ciwon zuciya ko ƙoda. Ɗan kofin da ake miƙawa da abinci ba ya isa. Ka miƙa wa ma'aikatan jirgi gorarka su zuba maka, ko ka danna maɓallin kira da ke saman kujera ko a hannunta. Aikinsu ke nan, ba alfarma ka roƙa ba. Shayi da kofi kaɗan ba laifi, amma ba sa maye gurbin ruwa. Ruwan famfon banɗaki na wanke hannu ne, ba a shansa.

Na taɓa zama kusa da wata tsohuwa da ta ajiye kofin ruwanta a kan tire, ta rufe shi da tishu, har aka zo kwashe kwanuka ba ta taɓa ba. Leɓenta ya yi fari fat. Wata matashiya da ke gefenta ta ce, "Inna, ku sha ruwan nan mana." Ta girgiza kai ta ce, "A'a 'yar nan, in na sha ina za ni? An ce ɗakin nan zuƙe mutum yake yi." Yarinyar ba ta yi dariya ba. Ta kama hannunta suka tafi tare, ta nuna mata komai, ta tsaya a bakin ƙofa har ta fito. Da suka dawo sai da tsohuwar ta sha kofi biyu a jere.

To ga yadda ɗakin yake, don a karanta wa wanda bai taɓa shiga ba. Ƙofar takan naɗe ne idan an tura tsakiyarta. In ka shiga ka ja sakata gefe, ita ce ke kulle ƙofa ta kuma ƙara hasken fitila, a waje alama ta koma ja. Masan na zama ne, kada a hau kansa a tsuguna, santsi gare shi kuma jirgi na iya girgiza. Bayan ka gama ka miƙe, ka rufe murfin, sannan ka danna maɓallin. Za ka ji ƙara mai ƙarfi, iska ce ke jan ƙazanta zuwa tanki, ba ta iya jan mutum. Ba buta a ciki, don haka ka tanadi wata ƙaramar gora daban da ta sha, ka tara ruwa a famfo, ka yi tsarki a kan masan kansa yadda ruwan zai zuba ciki. Abin da ba a so ko kaɗan shi ne kwarara ruwa a ƙasa. Daɓen banɗakin jirgi ba shi da magudana irin ta gida, akwai wayoyin lantarki a ƙarƙashin daɓen jirgi, kuma tsohon da zai shigo bayanka zai iya zamewa. Kada ka shiga da safa kawai. Taba kuwa ko a mafarki, akwai na'urar da ke jin hayaƙi.

Lokacin zuwa ma dabara ne. Da zarar an kwashe kwanukan abinci layi yake tsawo, haka dab da sauka. Ka je kafin a fara rabo, ko can tsakiyar tafiya da mutane suka yi barci. Mai yawan fitsari, musamman dattawa da masu ciwon suga, ya roƙi a ba shi kujerar bakin hanya, ko ya yi musaya da wani saurayi bayan an zauna. Ban taɓa ganin yaron kirki ya hana ba. Kuma ina roƙon malaman bita da jami'an Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jigawa su ba wannan darasi lokaci kamar yadda suke ba jifa da ɗawafi, mata su koya wa mata, da hoto in da hali.

Akwai masu ƙin sha don su riƙe alwalar da suka yi a ƙasa. Niyyar mai kyau ce, amma addini bai ɗora wa matafiyi wannan ba. Ana iya alwala a wurin wanke hannu da ruwa kaɗan, wanki ɗai-ɗai, a goge inda ya jiƙe. Wanda ba zai iya ba, malamanmu na Malikiyya sun halatta taimama a kan dutse, shi ya sa za ka ga wasu da ɗan ƙaramin dutse mai faɗi a aljihu. Maganar kasaru da haɗa salloli da salla a zaune, ka tambayi malamin bita tun a gida ka riƙe amsarsa. Ka dai sani cewa mai tafiya gabas rana takan yi saurin faɗuwa a kansa, lokutan salla su matso kusa da juna, don haka agogon hannunka ba zai gaya maka gaskiya ba. Kada a tare hanya ko ƙofar gaggawa da sahu.

Ƙafafu

Jinin da ya sauka ƙafa, naman sha-raɓa ne ke matsa shi ya koma zuciya duk sa'ad da aka taka. Idan mutum ya zauna awa da awanni gwiwa a lanƙwashe, ga ƙarancin ruwa, jinin yana kwanciya, wani lokaci ya daskare a cikin jijiya. In gudan ya ɓalle ya tafi huhu, yana iya kisa. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007 ya nuna haɗarin yana ninkawa biyu bayan zaman awa huɗu, ko da yake bai wuce mutum ɗaya cikin kimanin 6,000 ba. Ba abin firgita ba ne, sai dai mai ƙiba, da tsoho, da mai ciki ko mai jego, da mai shan ƙwayoyin tazarar haihuwa, da mai ciwon daji, nasu haɗarin ya fi na kowa.

Maganin ba ya cin ko kwabo. Duk rabin awa, kana zaune, ka kafa dunduniya a ƙasa ka ɗaga yatsu sama, sannan ka kafa yatsu ka ɗaga dunduniya, sau goma ko ashirin. Ka juya idon sawu dama da hagu. Duk awa ɗaya ko biyu, in fitilar bel a kashe take, ka miƙe ka taka zuwa ƙarshen hanya ka dawo. Kada ka harɗe ƙafa, kada ka cusa jaka a gabanka ta hana ka miƙe su. Wanda likita ya rubuta wa safar matse ƙafa mai kaiwa ƙasan gwiwa, ya sa ta tun kafin shiga jirgi. Asfirin ko maganin tsinka jini kuwa ba a sha da ka. Maganin barci ma a bar shi, shi ke sa mutum ya sandare wuri ɗaya awa huɗu bai motsa ba.

Kunne yakan toshe wajen tashi, amma ya fi ciwo wajen sauka, wanda ke farawa kamar rabin awa kafin a taɓa ƙasa. Ka kasance a farke a lokacin. Ka riƙa haɗiyar yawu, ka yi hamma, ka tsotsi alawa ko ka tauna cingam. In ya ƙi, ka toshe hanci da yatsu, ka rufe baki, ka hura a hankali har ka ji ya buɗe. Jariri a ba shi nono. Mai mura mai tsanani ya nemi maganin buɗe hanci wurin likita tun kafin tafiya, don shi ne ya fi shan azaba. Mai tashin zuciya ya ci kaɗan, ya nemi kujerar da ke daidai fiffike inda girgiza ta fi sauƙi, akwai kuma jakar amai a aljihun kujerar gabansa.

Bel ya zauna a ɗaure muddin kana zaune, ko a sassauce ne, a saman bargo yadda za a gani ba sai an tashe ka ba. Akwai girgizar da ke zuwa sama tana garau, matuƙi bai hango ta ba. A watan Mayun 2024 wani jirgi da ya tashi daga Landan zuwa Singafo ya faɗa cikin girgiza mai ƙarfi, waɗanda ba su ɗaura ba suka bugi rufi, mutum ɗaya ya rasu, gommai suka ji rauni. Girgiza ƙanana kuwa ba sa kayar da jirgi. Ka yi addu'arka, ka riƙe kofin shayinka da kyau.

Wanda jirginsa zai sauka Madina ba ruwansa da harami sai ya zo Zul-Hulaifa, wato Abyar Ali, a hanyar Makka. Wanda zai sauka Jidda ya zarce Makka, gara ya ɗaura haraminsa tun a ƙasa, ya yi niyya idan aka sanar da isowa miƙati, domin canza kaya a banɗakin jirgi wahala ce ga mai ƙarfi ma balle tsoho. Sanyin jirgi yana ratsa mai harami sosai. Ya karɓi bargo ya yafa a kafaɗa da ƙafa, namiji dai ba ya rufe kai.

Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu, wannan ba ya rikita barci sosai. Dubai awa uku ce, Indiya huɗu da rabi, Sin bakwai. Mai zuwa can ya gyara agogonsa tun a jirgi, ya yi ƙoƙarin barci a lokacin da dare ne a inda za shi, in ya isa ya fita cikin hasken rana ya daure har dare. Jiki yakan ci kusan kwana ɗaya kan kowace awa ta bambanci kafin ya daidaita, saboda haka kada ɗan kasuwa ya sa babban ciniki a ranar da ya sauka.

Saukar jirgi ba ita ce hutu ba. Akwai layin biza da ɗaukar hoton yatsu da jiran kaya da motar masauki, sai su kwashe wasu sa'o'in. Ka shiga banɗaki, ka cika gorarka, ka sha maganinka kafin ka shiga mota. Wanda ba ya iya doguwar tsayuwa a nema masa keken guragu tun a Dutse, a rubuta a takardarsa, ba gazawa ba ce. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 50 a Makka, hukumomin Saudiyya suka ce mutum fiye da 1,300 ne suka rasu. Mai shiga irin wannan ƙasa bai kamata ya iso da jiki a bushe ba.

A dawowa duk wannan yana nan, har da ƙari, don jiki ya gaji kuma rabin jirgin tari yake yi. A sa takunkumi, a yawaita wanke hannu. Kada a ɓoye zamzam cikin babbar jaka, za a buɗe a cire. Lita biyar ɗin kowane alhaji daban ake kawo ta. Sannan a zuwa ko a dawowa, har bayan makonni, idan ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi zafi tana ciwo a sha-raɓa, kada a kira mai tausa, kada a gasa da ruwan zafi. In kuma numfashi ya soma sarƙewa ko ƙirji ya soke, a tafi asibiti a lokacin ko tsakar dare ne, a Saudiyya a nemi asibitin NAHCON mafi kusa da masauki, a gida a nufi sashen gaggawa, kuma a gaya wa likita ranar da aka sauka daga jirgi da awa nawa aka yi a zaune.